Rahoton Ayyukan Shekarar 2025 na Ƙungiyar Matan Zangonmu, Kumasi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mma Magajiya, iyayenmu dattawa, Hajiyoyi, malamanmu na makarantar dare, yayye da ƙanne, da 'yan'uwanmu da aure ko neman abinci ya kai su Accra, Tamale, Techiman da ƙasashen waje, waɗanda za su karanta wannan a waya: kwamiti na gaishe ku, yana yi muku sannu da hidimar shekara. Magajiya ce ta umarce ni, a matsayina na sakatariya, in rubuta abin da ƙungiya ta yi daga Janairu zuwa Disamba. Lissafin kuɗi ba ya cikin wannan takarda. Hajiya Ma'aji za ta karanta nata ranar babban taro, sidi da pesuwa, da rasit a hannu. Duk mai tambaya ta adana tambayarta zuwa ranar, kada a kai ta bakin famfo.

Bana mun rasa iyaye biyu daga cikin waɗanda aka kafa ƙungiyar nan a kan idonsu, ɗaya bayan ƙaramar Sallah, ɗaya da damina. Allah ya jiƙansu, ya sa Aljanna ce makomarsu, mu kuma ya sa mu cika da imani. Ƙungiya ta yi abin da ta saba: likkafani daga asusu, masu wanka daga cikinmu, girki ranar addu'ar uku da ta bakwai da ta arba'in. 'Yan matan da suka kwana a bakin tanda suna suyar masa, Allah ya yi muku albarka.

A wajen addu'ar arba'in ta biyun ne wata jikar marigayiya, 'yar sakandare, ta tambaya yaushe aka kafa ƙungiyar da kakarta ta yi wa hidima har tsufa. Dattawa huɗu ne zaune a tabarma guda, kowacce ta ba da amsa daban. Ɗaya ta ce zamanin Nkrumah, ɗaya ta ce bayan korar baƙi, ɗaya ta ce shekarar yunwa, ta huɗun ta ce ita dai an kawo ta gidan miji ta tarar ana yi. Kowa ya yi dariya, ban da Magajiya. A zaman kwamiti na gaba ta ce a bi sauran tsofaffin gida-gida, a ɗauki muryarsu tun suna da ƙarfin magana. Wannan ne babban aikinmu na bana, don haka a yi haƙuri, zan daɗe a kansa.

Abin da tsofaffi suka gaya mana

Mun tura 'yan mata bibbiyu, da waya guda, da goro da sabulu na gaisuwa. Ba kowace tsohuwa ke magana in an zaunar da ita an sa mata waya a baki ba. Wata Hajiya ta yi shiru har aka fara tunanin tashi, sai surukarta ta shigo da niƙan gero na kokon gobe. Tana karɓar bokitin ta ɗaura ƙyallen tata a bakin baho, ta fara zuba ruwa tana murzawa, ƙamshin citta da kanumfari da masoro na tashi, sai baki ya buɗe. Ta yi ta ba da labari har aka kira magariba, hannunta bai bar gasarar nan ba. Daga ranar muka gane hanya, muka daina zuwa sai lokacin da ake aiki.

Duk sun haɗu a kan cewa wurin nan da muke zaune ƙauye ne a da. Gonakin ayaba da rogo da itatuwan koko na Tonawa, wato mutanen Asante, ne suka kewaye shi, mai garinsu ne ya yanka wa baƙi fili a bayan gari, kamar yadda aka yi a yawancin zangunan ƙasar Asante. Zuwa Kumasi a lokacin tafiya ce ta shiri, da guzuri. Yau ga shi birni ya haɗiye mu, ba wanda ya san inda iyakar take sai mai karɓar kuɗin fili. Kakanninmu maza goro ne ya kawo da yawansu. Fatake sun daɗe suna ɗaukar goron Asante ta Salaga zuwa Kano da Sakkwato, har yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa kasuwar, mutane suka bazu Kete-Krachi da Yeji da Kintampo. Bayan Turawan Ingila sun kama Sarkin Asante Prempeh na Ɗaya a 1896, aka yi yaƙin Yaa Asantewaa a 1900, jirgin ƙasa daga Sekondi ya iso Kumasi a 1903, sai baƙi Musulmi suka yi ta sauka a nan. Hausawa da goro da fawa da malanta, Mosawa da Zabarmawa da Kotokoli da Busanga da Dagomba da Wangara kowa da abin da ya kawo shi, wasu ƙodagon gonar koko, wasu shanu, wasu ƙwadago a cikin gari. Hausa ta zama harshen da kowa ke ciniki da shi, shi ya sa har yau da ita muke taro, ko da kakar mutum Wagadugu ta fito.

Mata kuwa suna cikin gida, amma ba a zaune ba. Koko da ƙosai, masa, fura, tuwo, shinkafa da wake mai karan dafi, ƙuli-ƙuli, sabulu, kitso, duk daga tsakar gida suke fita a kan yaran talla. Kafin a yi wata ƙungiya, abin da ke tsakanin mata shi ne biki. Kowace mace tana da ƙawayen bikinta. In kina suna ko aurar da 'ya, ta kawo miki gudummawa, ranar nata ki mayar da ninki, haka za a yi ta hawa har ya yi nauyi a koma ƙasa a sake farawa. Ba takarda, ba shaida, kowa na riƙe da lissafinta a ka, kuma wadda ta ci bikin wata ta kasa mayarwa ta san me za a faɗa a kanta.

Wannan zaren ne dokar korar baƙi ta tsinka. Ranar 18 ga Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama mako biyu ya bar ƙasa. A cikin matan da aka ce su koma gida akwai waɗanda a Kumasi aka yanke musu cibiya, ba su taɓa ganin Kano ko Yamai ba. Tsofaffinmu sun ba da labarin gidaje da aka sayar a wulaƙance, da akwatuna da tasoshi jibge a bakin titi ana jiran mota, da mazan da suka shige gonakin abokansu Tonawa suka ɓuya. Wata daga cikinsu, a lokacin tana amarya, ta ce cikin 'yan kwanaki ta nemi ƙawayen bikin uwar mijinta ta rasa, wasu sun tafi da bashinta, wasu ta tafi da nasu. Matan da suka rage, da yawansu da goyo ba miji a gida, suka ga biki na mutum biyu ba zai ƙara riƙe kowa ba. Sai suka fara haɗuwa a gidan wata mai tuwo, kowa ta kawo abin da ta samu a zuba a gwangwani guda. Wadda ta ce bayan kora, ita ce ta fi kusa da gaskiya. Wadda ta ce zamanin Nkrumah kuma bikin take tunawa.

Mun ga littafin farko. Yana wurin 'yar magajiya ta biyu, a ƙasan adaka, naɗe cikin tsohon kallabi. Littafin rubutu ne irin na 'yan makaranta, bangonsa ya tafi, gefen takardun ya yi ja da manja. Mai riƙe da shi ba ta yi boko ba, ajaminta ma kaɗan ne, don haka kowace mace alama aka yi mata: wannan ludayi, wannan mabuɗi, wannan matsefi, waccan goro tsage biyu. In mace ta zo ta zuba, a ja kara a gaban alamarta. In ta aiko da yaro ita ba ta zo ba, a ja karan a yi masa ɗigo a kai. In ɗigo ya jeru biyu, sai ka ga an zana 'yar ƙafa a gefe, ma'ana an tashi mutum ya je ya dubo ta. Ku riƙe maganar ƙafar nan, zan dawo kanta.

A 1979, zamanin soja na farko na Rawlings, aka sa 'yan kasuwa mata a gaba da sunan kalabule, wato ɓoye kaya da tsauwala farashi. Mace a same ta da katan ɗin madara ko turamen atamfa, a ce ta ɓoye kaya, a zane ta a bainar jama'a. A Accra har kasuwar Makola aka rushe. Iyayenmu sun ce a watannin nan gwangwanin ƙungiya a cikin buhun gero yake kwana, kuma ba ya kwana biyu a gida ɗaya. Sai 1983, fari da gobarar daji da suka cinye gonaki, ga kuma ɗimbin 'yan Ghana da Najeriya ta koro suka dawo a farkon shekarar, baki ya ƙaru abinci ya ragu. A shekarar aka daina raba kuɗi, aka koma ɗora tukunya guda, yau a gidan wannan gobe a gidan waccan, yara su zo da kwanoninsu. Tun daga nan ne zaman Lahadi bayan la'asar ya tsaya bai ƙara motsi ba, shi ya sa wasu ke ƙirga ƙungiya daga shekarar yunwa.

Sauran kun sani ko kun ji. Bayan an kafa sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi ta ƙasa a 1987, makarantunmu suka fara haɗa karatun addini da boko, iyaye suka saki jiki suka tura 'ya'ya mata, daga cikinsu aka sami sakatariya ta farko mai rubuta sunaye. A Yulin 2007 aka canja kuɗi, sidi dubu goma ya koma sidi ɗaya, littafin shekarar duk gogewa ne da gyara. Har gobe in Hajiya ta ce ta zuba miliyan ɗaya, Ma'aji ta san sidi ɗari take nufi. A Mayun 2019 Babban Bankin Ghana ya soke lasisin kamfanonin bashi ƙanana 347 a rana guda, kuma ajiyarmu na cikin ɗaya daga cikinsu. Waɗanda suka yi jeka-ka-dawo a kan kuɗin nan suna raye, ba sai na fama musu ciwo ba.

Asusu, waya da tabarma

Abin da ya tsaya mini a rai da na zauna ina sauraron muryoyin nan ina rubutawa shi ne, ba tsohuwa ko ɗaya da ta tuna nawa aka ba ta ranar da ta shiga uku. Mun tambaya, don muna son adadi. Sai ta ce oho, amma ta lissafa miki sunan duk wadda ta shigo ɗakin, da wadda ta kwana, da wadda ta ɗauke mata yara, da wadda ba ta zo ba. Ta ƙarshen nan ma ba a manta ta ko bayan shekara arba'in.

Na kawo wannan ne saboda halin da muke ciki. Tun da aka soke harajin tura kuɗi ta waya a Afrilun bana, harajin da aka fara karɓa a Mayun 2022, zubin ƙungiya ta MoMo ya ƙaru sosai. Ma'aji ba ta taɓa samun sauƙin tara kuɗi irin na bana ba, kuma 'yan'uwanmu na nesa suna zubi a kan lokaci, har sun fi wasu na bayan gida. Wannan alheri ne, ba mai cewa a koma gwangwani. Amma ku dubi tabarmin Lahadi. Akwai ranar da muka shimfiɗa su duka, muka naɗe fiye da rabi ba wanda ya zauna a kai. Mace ta tura kuɗinta, ta tura hoton rasit a WhatsApp, ta sa hannu biyu na addu'a, shi ke nan ta fita haƙƙin ƙungiya.

Ga abin da ya haifar. Wata 'yar'uwarmu, bazawara mai sayar da wagashi, wato cukun nono, ta kwanta ciwon ƙafa makonni, ƙafar ta kumbura har ba ta iya zuwa bayan gida sai an riƙe ta. Ba wanda ya sani. 'Yarta da ke Accra ce ke tura mata zubi kowane mako ba fashi, don haka a littafina sunanta fes yake, ba bashi. Sai da wata mai sayen wagashinta ta gaji da rashin ganinta ta bi ta gida. Da muka je muka tarar da ita ita kaɗai da jikanta ɗan firamare, shi ke sayo musu koko da safe. An kai ta asibiti, aka gano ciwon sukari ne, yanzu alhamdu lillahi tana takawa. A tsohon littafin nan mai ludayi da matsefi, da tun mako na biyu an zana mata ƙafa.

Don haka kwamiti zai kawo shawara a babban taro: zubi ta waya ya ci gaba, amma a dawo da kiran suna kowace Lahadi, kuma duk wadda ke cikin Kumasi aka yi zama biyu ba a ga fuskarta ba, a tashi mutum biyu su je gidanta, ko ba ta da bashin pesuwa. Ba tara za a ci ta ba, dubiya ce. Wasu ƙannenmu masu aikin ofis da masu jinya sun ce Lahadi ce kaɗai ranar wankinsu da hutunsu, kuma gaskiyarsu ne. Sun nemi a rage tsawon zaman, a daina cinye awa guda a kan gaishe-gaishe da jiran waɗanda ba su zo ba. Ni ina bayan wannan, in dai Hajiyoyi za su yarda a fara a kan lokaci.

Gobarar Adum

Ranar Juma'a 21 ga Maris, azumi na shirin shiga goman ƙarshe, wuta ta tashi da asuba a wajen Blue Light a Adum, tsakiyar kasuwancin Kumasi, ta cinye shaguna masu yawa. Lokacin kowa ya zuba jarinsa a kayan Sallah. Cikin membobinmu akwai masu gwanjo, da mai gyale da hijabi, da mai kayan waya, da suka tashi ba ko tsinke. Wata a daren ta sauke dilar da ta ɗauko bashi. Kwamiti ya zauna bayan tarawihi a ranar, aka yanke abu uku: a ɗage musu zubi har bayan babbar Sallah, a matso da kwasar adashinsu gaba, a kuma ba kowacce rance marar ruwa daga asusun gaggawa. Waɗanda kwasarsu ta zo suka haƙura suka ba da layinsu, ba zan kira suna ba don sun hana, amma Allah ya gani. Yawancin waɗanda abin ya shafa sun koma sana'a, wasu a kan tebur a bakin titi, wasu suna yawo da kaya gida-gida. Biyan rancen yana tafiya, sai dai da ɗingishi, kuma kwamiti bai ga dalilin matsa wa kowa ba tukuna.

Asusun gaggawa kuwa ya yi ƙasa ƙwarai. Wannan gobara ta zo shekara biyu kacal bayan wadda ta kama wani sashe na sabuwar kasuwar Kejetia a Maris ɗin 2023. Duk mai kaya a kasuwar Kumasi ta san ba a rantsuwa a kan wuta. Ma'aji za ta kawo shawarar ƙara wani abu kaɗan a kan zubi don asusun nan kaɗai.

Lafiya, makaranta da takardu

Mun ci gaba da zaman sabunta katin inshorar lafiya. Yanzu ba sai an bi layi a ofis ba, da *929# ake yi a waya, amma tsofaffi da yawa katinsu ya mutu ba su sani ba sai sun je asibiti. 'Yan matanmu sun zauna da wayoyi bayan taro suna dubawa ɗaya bayan ɗaya. Muna tunatar da masu ciki cewa rajistarsu kyauta ce, da masu jego cewa takardar haihuwa kyauta ce kafin yaro ya cika shekara. In an wuce nan sai biya da wahala, kuma mu 'yan zango mun fi kowa sanin abin da rashin takarda ke jawowa ranar da aka je neman katin Ghana ko fasfo aka fara tambayar mutum garin kakansa.

Sakandare kyauta ce tun 2017, amma kayan shiga ba kyauta ba ne: akwatin ƙarfe, akwatin guzuri na katako, katifa, bokiti, takalma, kuɗin mota in an tura yarinya wata jiha. A nan ake rasa 'ya'yan marayu, sakamako ya fito da kyau, makaranta ta samu, a rasa abin kai ta. Bana mun ɗauki nauyin kayan shigar marayun membobi da suka ci jarrabawa. Kuɗin da muke sayen audugar mata da shi a da, tun da gwamnati ta ƙaddamar da rabonta kyauta ga 'yan makaranta a Afrilu, mun karkatar da mafi yawansa nan.

Makarantar dare na tafiya. Wasu iyayenmu sun kai izu biyar bana, masha Allah. Malama ta ƙara darasi guda da ba ya cikin tsari: karanta saƙon waya. Dalili, 'yan damfara sun addabe mu, su kira mace su ce sun tura mata kuɗi bisa kuskure ta taimaka ta mayar, ko su ce daga kamfani suke ta faɗi lambar sirrinta. Wata Hajiya da aka kira bayan darasin ta ce wa mutumin ya zo gida ya karɓa da hannunsa, akwai tuwo. Bai zo ba.

Zaman da ya fi cika bana shi ne na aure da gado. Abin da ya jawo shi, wata 'yar'uwarmu mijinta ya rasu, tun ba ta fita takaba ba dangin miji suka sa kwaɗo a ɗakin kayansa, wai ba su san da wata takardar aure ba. Muka gayyato malami da wata lauya 'yar zango, muka zaunar da su tare don kada a ce an bar addini an bi boko. Malam ya yi bayanin rabon mace, tumuni in akwai 'ya'ya, rubu'i in babu, ya kuma ce korar mai takaba daga ɗakinta ba shi da gurbi a shari'a. Lauya ta ce tun 1907 akwai dokar rajistar auren Musulmi a ƙasar nan, wadda ta ce a yi rajista cikin mako guda da ɗaurin aure, amma kaɗan ne cikinmu suka taɓa jin ta. Ta kuma yi bayanin dokar gado ta 1985, PNDC 111, da ke kare mata da 'ya'ya in miji ya rasu bai bar wasiyya ba. An yi tambayoyi har isha. Maganar 'yar'uwar tamu ta je gaban Sarkin Zango da limamai, an buɗe ɗakin, ana kan rabon.

Sauran abubuwa

Da azumi mun kai abincin buɗa-baki ga 'yan kayaye, mata masu dako a kasuwa, da ke kwana a wajen tashar Aboabo. An yi yasar kwata kafin damina tare da samarin unguwa, ruwan farko ya dawo mana da robobin da muka kwashe har da riba. Da Asantehemaa, uwar sarautar Asante, Nana Konadu Yiadom ta Uku ta rasu a Agusta, wakilanmu sun bi sahun matan zango zuwa fadar Manhyia gaisuwar Otumfuo, Sarkin Asante, a makon jana'izar cikin Satumba, kuma ranar da aka rufe kasuwanni kowa ta zauna gida kamar yadda aka umarta. A ƙasarsu muke, kakanninsu ne suka ba namu wurin shimfiɗa buzu.

Maganar yayi, wato ankon biki, ba ta ƙare ba, kuma ban ga alamar za ta ƙare bana ba. Tun bara aka ce biki ɗaya yayi ɗaya, kuma ba dole. Amma mun ga bikin da aka fitar da na lalle daban, na ɗaurin aure daban, na kai amarya daban, kuma uwar bikin tana cikin waɗanda suka ɗaga hannu ranar da aka kafa dokar. Masu goyon baya sun ce ado ne, kuma masu sayar da atamfa da teloli a cikinmu da shi suke ci. Haka ne. Amma ni ke riƙe da littafi, ina ganin mace ta kwashi adashin da ta ce na jari ne, wata guda bayan nan ta zo neman rancen kuɗin makarantar yaro, leshi uku na rataye a ɗakinta. A sake kaɗa ƙuri'a, kuma wannan karon a faɗi abin da za a yi wa wadda ta karya, ko ita wace ce.

Muryoyin da aka ɗauka suna wayoyi daban-daban, waya kuwa faɗuwa take, ana kuma sace ta. An kwafe su a kwamfutar ɗaya daga cikin 'ya'yanmu, amma muna son taro ya yanke inda za a ajiye su da wanda ke da izinin ji, don wasu tsofaffin sun faɗi abubuwan da suka ce kada a sake su sai bayan ransu. Akwai sauran dattawa da ba a kai gare su ba, musamman waɗanda suka koma wurin 'ya'yansu a Tafo da Sawaba da Asokore Mampong. Muna neman 'yan mata masu jin Mosanci da Zabarmanci, don akwai waɗanda in labari ya yi zafi Hausar ke guduwa su koma harshen uwa. Tsohon littafin kuma mai shi ta yarda a ɗauki hotonsa shafi-shafi, amma ba zai bar gidanta ba.

A ƙarshe, kayan haya. Da aka ƙirga a Disamba, manyan tukwane da kujeru da faranti ba su cika ba, rumfa guda kuma ta dawo a yage ba wanda ya ce komai. Mai kula da kaya ta san gidajen da suka shiga, kunya ce ta hana ta bi. Azumi zai kama a tsakiyar Fabrairu in Allah ya kai mu, kuma da tukwanen nan ake dafa abincin buɗa-baki. Duk wadda kayan ƙungiya ke gidanta ta aiko da su gidan Magajiya kafin babban taro, a wanke, da murfinsu.

Wassalamu alaikum.

Sakatariya, a madadin kwamiti